Hurumin Gari: Amanar Icce da Dawa a Boɗinga da Shagari

[Kiɗan buɗe shiri]

  Barkanku da hutawa manoma da makiyaya, masunta da maharba, da iyayenmu mata da ke bakin murhu rediyo na gefensu. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Boɗinga da Sifawa da Danchadi da Dingyaɗi, da na Shagari da Dandin Mahe da Kajiji da Jaredi, don a ƙasarku shirin namu zai yada zango yau. Zancen namu kuwa a kan hurumi ne, wato filin nan na bayan gari wanda ba gonar kowa ba ne, amma kowa na da haƙƙi a cikinsa.

Kafin mu shiga, bari mu fara da addu'a. A watan Afrilun 2022 jirgin ruwa ya kife a gulbin Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, aka rasa rai 29, galibinsu yara da matasa. Ba a gama share hawayen wannan ba, sai a watan Mayun 2023 wani jirgin ya sake kifewa da yaran ƙauyen Dandeji, aka tsamo gawa 15, mafi yawansu 'yan mata. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyayensu haƙurin rashi. Ba biki za su ba, ba kuma cin kasuwa ba. Dukkan tafiyoyin nan biyu, icce suka tafi nema a ƙetaren ruwa don a hura wuta a gida.

Bayan kowane hatsari an yi ta magana a kan lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da rashin rigar da ke hana nutsewa. Duk gaskiya ne, kuma gyaransu wajibi ne. Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai tambayar da ke bayan waɗannan duka: me ya kai yarinya 'yar shekara goma ga shiga jirgi saboda icce? Ina iccen da ke wannan gaɓar ya tafi?

Je ka tambayi duk wani dattijo mai shekara saba'in a ƙasar nan. Zai gaya maka a zamanin ƙuruciyarsa, in aka aiki yaro icce da hantsi, kafin azahar ya dawo da ɗauri a ka, bakinsa da alamar magarya ko aduwa da ya tsaya ci a hanya. Sabara da kalgo da geza na nan daga fita ƙofar gari. Gawo na tsaye a gonaki, kirya da marke da taramniya na cikin saura. Makwarwa na tashi daga ƙafar mutum, zabin daji na ƙetare hanya garke-garke. Wannan ba tatsuniya ba ce, masu ba da labarin suna raye, wasu ma suna saurarenmu yanzu.

Kuma wannan yalwa ba haka kawai ta zauna ba, akwai doka da ta tsare ta. A nan ne ƙasar Boɗinga ke da abin alfahari. Mun san Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. A lokacin nan ƙanensa Malam Abdullahi na zaune a Boɗinga, kusa da shi. Daga cikin ɗimbin littattafan da Malam Abdullahi ya bari akwai Ta'alimur Radi, wanda ya keɓe shi ga hukuncin ƙasa: yadda mutum ke mallakar filin da ba mai shi, da abin da shugaba ke iya yankawa ya bayar, da abin da ba ya halatta a taɓa don na jama'a ne. Ke nan maganar tsare fili ba baƙuwa ba ce da ta sauka daga jirgin sama. Malamanmu sun rubuta ta shekara ɗari biyu da suka wuce.

Almajiran da suka kai littafin Muhtasar a zaure sun san wannan babi. A fiƙihun Malikiyya kowane gari yana da haraminsa, abin da muke kira hurumi, kuma daga cikinsa akwai wurin yin icce da wurin kiwo, gwargwadon inda mutum zai fita da safe ya dawo gida a yininsa. Rijiya ma na da nata hurumin, haka gulbi, haka icce mai 'ya'ya. Ba wanda ke da ikon ya zo ya share wannan fili ya ce ya zama nasa in hakan zai cutar da mutanen gari. Ku duba hikimar da ke ciki, jama'a. An auna hurumi ne da ƙafar mai neman icce. Gari bai cika gari ba sai yana da inda 'ya'yansa za su samo makamashi su dawo lafiya.

Akwai kuma abin da ake kira hima, wato filin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, ya sa mata mai tsaro, ya kuma umarce shi da ya bar mai 'yan tumaki kaɗan da mai 'yan raƙuma kaɗan su shiga, ya tsare ta daga garkunan manyan attajirai, don attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gonaki da zai koma wa, talaka kuwa ba shi da komai. Abu biyu za mu riƙe a nan. Na ɗaya, an naɗa mutum takamaimai da aka san sunansa ya yi tsaro. Na biyu, don mai ƙaramin ƙarfi aka yi.

To, yaya aka yi hurumi ya zube? Ba dare ɗaya ba ne. Mutane sun ƙaru: ƙidayar 1963 ta ba Najeriya mutum miliyan 55 da 'yan kai, yau mun haura miliyan 200. Gonar da uba ya noma shi kaɗai ta rabu tsakanin 'ya'ya takwas, saura ta ƙare, kowa ya riƙa ɗan turo iyakarsa kunya ɗaya, kunya biyu, cikin hurumi da burtali. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa, waɗanda suka tsira kuma aka sassare su don a ciyar da dabbobi ko a sayar a sayi hatsi. Birni ya buɗe baki yana neman icce da gawayi, tsadar gas da kananzir ta ƙara masa yunwa. Sannan wani abu ya faru a zukata. Tun da aka ce daji na gwamnati ne, mai gandun daji ke kama wanda ya sari icce ko da a gonarsa ne, sai manomi ya daina kallon icce a matsayin dukiyarsa. Abin da ba naka ba kuwa, ba ka raino. In ka ga ya tsiro, gara ka tumɓuke shi tun yana ƙarami kafin ya jawo maka tara.

Haka hurumi ya tashi daga na kowa da kowa ya koma na ba kowa. Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo mu leƙa maƙwabta mu ga yadda suka yi da irin wannan ciwo.

[Kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Masu saurare, ba sai mun je Turai ba, mu tsallaka iyaka kawai zuwa Maraɗi, ƙasar Hausawa 'yan uwanmu, masu noman gero da wake a jigawa irin tamu, ruwan samansu ma bai kai namu ba. A farkon shekarun 1980 ƙasarsu ta yi fayau. Iska na binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku, mata na dafa abinci da kara da kashin shanu. An kashe kuɗi mai yawa wajen rainon dashe, amma akasarinsa ya mutu, wanda rana ta bari akuya ta cinye.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya tsaya a hanya ya duba 'yan kumbura-kumburan ganyen da ke warwatse a gonaki, waɗanda kowa ke sassabewa kafin damina. Sai ya lura ba ciyawa ba ce. Tohon itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, wata ta shekara talatin tana neman ta tashi ana datse ta. Ashe dajin bai mutu ba, kwanciya ya yi. Wasu manoma suka yarda suka gwada barin tohon, abin da ake kira sassabin zamani. Da farko dariya aka yi musu, ana cewa ragwaye ne masu ƙazamar gona. Da maƙwabta suka ga matansu sun daina tafiya nesa neman icce, gero kuma bai ragu ba, sai dariya ta koma tambaya. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan Adam daga baya sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba da dashe ba, da wuƙa da gatari da haƙuri.

Ga yadda ake yi, Malam manomi, kuma gobe da safe kana iya farawa ba tare da ka kashe ko sisi ba. In ka shiga sassabe, kada ka share kututturen sabara ko kalgo ko gawo gaba ɗaya. Duba tohon da ke kansa, ka zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran. Wuƙar ta kasance mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Waɗanda ka bari, ka rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu, ka bar na sama. Ka ɗaura tsumma a jiki don mai wucewa ya san wannan icce da mai shi. Bayan wata biyu ko uku ka koma ka sake gyarawa. Abin da ka yanke shi ne iccen girkin uwargida. Kowace shekara kana iya sare reshe ɗaya babba ka bar sabo ya maye gurbinsa. Dashen leda sai ya yi fama ya kafa saiwa, shi kuwa wannan saiwarsa ta riga ta kai ga danshi, shi ya sa yake tashi da sauri ba ban-ruwa.

Kar ka ji tsoron inuwa. Gawo dai ka san halinsa: da damina yake zubar da ganye, sai rani ya tofo. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbobin da suka kwanta ƙarƙashinsa kuma su bar maka taki. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kauri.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Mutum ɗaya ba zai iya ba, don in ka raini icce wata shida wani ya zo da dare ya sare, gwiwarka ta yi sanyi. Abin da ya riƙe aikin a Maraɗi shi ne yarjejeniyar gari. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin sa ido, suka yi dokokinsu, suka sa tara ga wanda ya sari iccen wani. Hukuma ma daga baya ta sassauta, har a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙin iccen da ya raina a gonarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu mu juya ga namun dawa da tsuntsaye, don na san wani zai ce, mu da ke fama da abin da za mu ci, ina ruwanmu da zomo da bushiya? Da ruwanmu, Malam. Mujiyar da muke jifa muna cewa mugun tsuntsu, ɓeraye take ci, waɗanda ke ɓarnar rumbu. Bushiya da makwarwa da zabin daji na cin ƙwari da fara. Ƙudan zuma da ke sauka kan furen kalgo da bagaruwa shi ne ke ɗaukar wa kabewa da kankana da mangwaro barbara. Ungulu fa? Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahautar kasuwa? Tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da kuma farautar sassan jikinta. A Indiya, da ungulayensu suka kusa ƙarewa a shekarun 1990 sakamakon wani maganin dabbobi, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sake suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gauraka kuwa, mai tukku kamar rawanin sarauta, da ke rawa a fadamun gulbin Sakkwato da Rima, yaran yau sai dai a hoto.

Dabbar dawa ba ta roƙon a ciyar da ita. Wurin ɓuya take so, da ruwan sha, da a ƙyale ta lokacin haihuwa. In an ba ta wannan, tana dawowa. A Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har suka koma 49 a 1996. Ba a cikin shinge suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Ƙungiyoyin sa-kai suka zauna da mutanen ƙauyukan, aka haƙa rijiyoyi, aka ba da ƙananan rance, matasa suka zama masu raka baƙi 'yan kallo, aka hana farauta. Yau sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi don su sake kafa zuriya a can.

Mu ma muna da namu misalin a gida. A Argungu, mashigin Matan Fada ba a su a cikinsa sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ke tsare da wannan doka, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwan da duniya ke zuwa kallo. Hutun da aka ba ruwa shi ne sirrin. Madatsar ruwan Shagari na bukatar irin wannan kula. In aka nome har bakin ruwa, aka tumɓuke gamba da geza da ke riƙe gaɓa, kowane ruwan sama zai kwaso ƙasa ya zuba a ciki, madatsa ta cike da laka, mai noman rani da masunci su fara asara. A bar ɗamara ta ciyawa da itatuwa a gefen ruwa. A nan kifi ke zuba ƙwai, a nan kirinjijiya da zalɓe da balbela ke sheƙa, a nan kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin sanyi ke sauka su huta. A daina zuba guba don kama kifi, a daina sa raga mai ƙananan idanu da ke kwashe har 'ya'yan.

[Kiɗa]

Masu saurare, ga tambayar da ta rage: wa zai riƙe wannan amana? A wasu ƙasashe akwai ƙungiyoyin da ba don riba aka kafa su ba, aikinsu kawai su karɓi fili su tsare shi don jama'a. A Ingila an kafa National Trust a 1895, kuma dokar 1907 ta ba ta ikon ayyana fili a matsayin wanda ba za a sake sayarwa ba har abada. A nan gida akwai Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, wadda ta faro a 1980. Ita ta tsare wani daji mai kadada 78 a Lekki, yau gine-ginen Legas sun kewaye shi ta kowane gefe amma yana nan da birai da tsuntsayensa. Ta kuma yi shekaru tana aiki da masunta da manoma a dausayin Haɗeja da Nguru.

Fili da ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa, amfaninsa na jama'a: Malam liman, wannan ai ka san sunansa. Waƙafi ke nan. Haka Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, haka Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Mun saba da waƙafin masallaci da makaranta da maƙabarta. Me zai hana attajirin Boɗinga ko ɗan Shagari da Allah Ya buɗa wa a Legas ko Abuja ya sayi kadada biyar ta ƙasar da ta gaji a bayan garinsu, ya yi waƙafinta don iccen girkin marayu da matan da mazansu suka rasu? Ya tabbata a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da Musulmi ya dasa, sadaka ce a gare shi. Jiharmu na da Hukumar Zakka da Waƙafi, ƙofa ce da za a iya ƙwanƙwasawa don a rubuta a adana.

In gari na son ya maido da huruminsa, ga hanyar da nake ba da shawara a bi. Da farko a taka iyaka da ƙafa, da rana tsaka, gaban uban ƙasa ko wakilinsa, da maigari da liman da ardo da sarkin noma da dattawan da suka san inda iyakar take tun asali. A dasa aguwa ko gamba a kan layin, don iyakar da ke baki kawai ita ke tafiya da dare. Sannan a rubuta. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a filayen karkara, har da na kiwo. A nemi takardar da sunan jama'ar gari, a yi kwafi uku, kada ta zauna a aljihun mutum ɗaya. In ƙungiyar ci-gaban gari ta yi rajista da amintattunta, ya fi ƙarfi, don ƙungiya ba ta mutuwa a raba gadonta.

Na biyu, a zaɓi masu tsaro da aka san sunansu, kuma kada a cika kwamitin da masu manyan riguna kaɗai. Iyayenmu mata su ne suka san wane icce ke ci da kyau, wane ke hayaƙi, wane ke magani, su ne kuma 'ya'yansu ke shiga jirgi, don haka a ba su kujera da murya. A sa makiyayi a ciki tun ranar farko. Hurumin da aka yi don a kori Bafulatani rigima aka shuka. A bar masa burtali da mashaya a buɗe, a yi yarjejeniyar lokacin da dabbobi za su shiga da irin sassaben ganyen da aka yarda da shi. A sa maharbi ma, don ba wanda ya fi shi sanin sawun dawa, kuma tsohon maharbi in ya zama mai gadi ba a yi masa wayo.

Na uku, dokoki su zama kaɗan, kowa ya haddace su. Busasshen icce na kowa ne, ɗanye ba a sara sai da izini. Ba a sa wuta. Ba a farauta da damina lokacin da dabbobi ke da ciki, tsuntsaye na kan ƙwai. A raba filin kashi uku ko huɗu, ana amfani da ɗaya sauran na hutawa. Tara kuma ta hau kan ɗan maigari kamar yadda za ta hau kan ɗan talaka, don ranar da aka ɗaga wa wani ƙafa, ranar dokar ta mutu.

Na huɗu, hurumi ya ciyar da kansa. Gamba ana zana da ita a sayar. Bagaruwa majema na nemanta, da ita ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi suna har ƙasashen waje. Kaba na tabarma da igiya, amya na ba da zuma, ga kuka da tsamiya da aduwa. Abin da aka samu a sanar da shi a bainar jama'a, a biya mai gadi, a gyara rijiya. Kuma gwamnati na da shirye-shiryen da suka shafi jiharmu, irin su Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, da shirin ACReSAL na Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Garin da ya riga ya shirya, da kwamitinsa da takardarsa, shi zai iya tsayawa ya nemi rabonsa. Amma kada a zauna jira. Mun sha ganin bikin dashe, a zo da motoci a ɗauki hoto, bayan wata biyu ba ko ɗaya da rai, don ba a bar wa kowa amanarsu ba.

Na san akwai mai cewa, a wannan zamani na rashin tsaro, daji ai maɓoyar miyagu ne, gara a share. Damuwarsa gaskiya ce. Sai dai a duba, dajin da ɓarayi ke mamayewa shi ne wanda ido ya bar shi, mai nisa, wanda ba mai shiga ba mai fita. Hurumin da ke jikin gari, mata na shiga kullum, mai gadi na zagayawa, an rage rassan ƙasa ana hango nesa, wannan ba wurin ɓuya ba ne. Hasali ma rashin icce a kusa shi ke tura yaranmu can cikin dajin da muke tsoro. Akwai kuma mai cewa fili ya yi kaɗan, ina za a samu na hurumi? Ba gona mai kyau ake nema ba. Fako da dabagi da gefen kwazazzabo da bakin burtali da ba a nomawa, su ne wurin farawa, sauran kuma kowa ya raini nasa a cikin gonarsa. Uwargida ma na da nata: murhun laka mai tsimin icce na rage abin da ake ƙonawa, ya rage hayaƙin da ke cin ido.

Hausawa na cewa inuwar giginya, na nesa ka sha. Mun daɗe muna sare namu muna loda wa birni, 'ya'yanmu na ƙetare ruwa neman abin da za a dafa musu tuwo. Sabarar da ke gonarka yau, in ka bar mata reshe uku kafin damina, nan da shekara biyu ko uku za ta fi ka tsayi. In gidaje ɗari suka yi haka a gari ɗaya, aka kuma tsare fako ɗaya na bayan gari, to ma'aunin da malamanmu suka sa zai dawo: yarinya ta fita da hantsi, ta ɗauro iccenta a wannan gaɓar, ta dawo gida da ƙafarta kafin azahar.

Aikin da muka bar muku a wannan mako guda ne. Bayan sallar Juma'a, ku tsaya ku tambayi dattawanku inda hurumin garinku yake tun asali, ku je tare ku gani da ido abin da ya saura. Gani ya kori ji.

Nan muka kawo ƙarshen shirin namu na yau. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana 'ya'yanmu a tudu da ruwa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.  

[Kiɗan rufe shiri]